Kaso, tara, kwamiti ko likita: wanne ya kamata a nema wa mai shan tramol a Nijar?

Duk ƙungiyar da ke aiki kan shaye-shaye a Yamai ko a Tawa, ta matasa ce, ta mata ce ko ta malamai, akwai ranar da za ta zauna gaban hukuma a tambaye ta: to, me kuke so a sake? A nan ne baki kan mutu. Wani ya ce a ƙara tsanani, wani ya ce a wayar da kai, a shafa fatiha a watse. Alhali hanyoyin da ƙasashe suka gwada sanannu ne, an ga inda kowace ta yi aiki da inda ta karye, kuma ana iya auna su da halin da muke ciki.

Maganar nan ba ta masu safara ba ce. Tan 17 na wiwi da OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ta kama a wani sito a Yamai cikin Maris 2021, ko kilo 214 na hodar ibilis da aka tare a jihar Agadas cikin Janairu 2022, babu mai gardama kan hukuncin masu su. Wanda ake magana a kansa shi ne ɗan kabu-kabun da aka laluba aljihunsa aka samu ƙwaya huɗu, ko ga-ruwa, ko leburan da ke loda buhunan albasa a Galmi, ko saurayin da ya dawo daga haƙar zinariya a Jado da jikin da ba ya tashi sai ya haɗiya. Dokar da ke aiki, mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumba 1999, tana hukunta sha kamar yadda take hukunta sayarwa, ko da yake nauyin ba ɗaya ba ne. To wannan mutum, ina ya fi dacewa a kai shi?

Ba a iya zaɓe sai an san abin da ke jikinsa. Tramol, wanda likitoci ke kira tramadol, wani kamfanin Jamus ne ya fito da shi kasuwa a 1977 don maganin ciwo. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma iyakar abin da ake ba babba a yini 400 ne. Na bakin tasha kuwa 120 ne, 200, 225, har 250. Ƙwaya biyu ta 225 sun riga sun haura iyakar yini. Aiki biyu yake yi a jiki, abin da ya raba shi da sauran danginsa ke nan. Hanta tana juya wani sashe nasa ya koma sinadari mai aiki irin na mofin. Shi ke kashe ciwo, shi ke kama mutum. Ɗaya ɓangaren yana aiki irin na magungunan ciwon damuwa, yana ɗaga wasu sinadarai biyu na ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai sha ke jin ƙarfi maimakon barci, shi ya sa kuma idan ya zarce yake yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Kuma hantar mutane ba ɗaya ba ce wajen wannan juyi: ta wani tana yi da sauri ƙwarai, ta wani da ƙyar. Abin da abokinka ya sha ya hau babur, kai yana iya danne maka numfashi.

Idan aka yanke shi rana ɗaya, kafin a kwana a wuni jiki zai fara tambaya: hamma, hawaye da majina, zufa, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki, zawo, rashin barci. Abin ya fi tsanani a kwana na 2 da na 3, ya lafa bayan mako guda ko kwana 10. Amma kusan mutum 1 cikin 8 na waɗanda suka shiga wannan hali kan gamu da wani nau'i na dabam: firgita, ruɗewa, jin muryoyi, ganin abin da babu, da jin kamar ana tsira musu allura a hannu da ƙafa. A gida a ce iska ce ta taɓa shi, a kaso a ce iya shege ne. Duk hanyar da ba ta yi tanadin waɗannan kwanaki goma ba, ba ta san abin da take yi ba.

Akwai kuma wani sabon abu. Bayan da Indiya, inda aka fi shigo da ƙwayoyin daga can, ta ɗaure tramadol a dokarta cikin Afrilu 2018, ƙwayoyin ba su ɓace ba, cikinsu ne ya sake. Kwali mai kama da na da, lamba 225 tana nan, amma sau da yawa abin da ke ciki tapentadol ne, wanda ya fi tramadol ƙarfi, haɗe da wani maganin sakin jijiyoyi da Turai ta daɗe da janyewa daga kasuwa. Indiya ta hana wannan haɗi cikin Fabrairu 2025 bayan wani binciken BBC. Mai saye a teburin bakin hanya bai san wanne aka miƙa masa ba.

Kaso da ƙanwarsa

Gidan kaso shi ne abin da ke hannu, kuma yana da abin da ya sa ake son sa. Ba ya buƙatar sabuwar doka, unguwa tana hutawa na ɗan lokaci, kuma ba sau ɗaya ba uba da kansa ke tasa ƙeyar ɗansa zuwa kwamisariya ya ce a riƙe masa shi, ya gaji. Amma ku bi abin daki-daki. Ana yanke ƙwayar farat ɗaya, ba likita, cikin ɗakin da ya cika ya tumbatsa. Gidan kason Yamai tun zamanin Turawa aka gina shi don ƴan ɗaruruwa, yau yana ɗauke da fiye da dubu, kuma fiye da rabin fursunonin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Ke nan mai ƙwaya huɗu yana iya share watanni kafin alƙali ya ga fuskarsa. Ya fito da sababbin abokai da suka san inda ake saro kaya. Idan an yanke masa hukunci ya fito da tabo a kaziye, takardar da ake nema a duk jarrabawar shiga soja, ɗan sanda ko gardi. Babur ɗin da yake haya kuwa tuni an ba wani.

Babban haɗarin ma a ranar fita yake. Jikin da ya saba da ƙwaya 5 ya manta cikin watannin tsare, amma mai jikin bai manta ba. Ya koma fada, ya haɗiyi abin da ya saba. Wani bincike da aka buga a 2007 kan fursunonin jihar Washinton ta Amurka ya nuna cewa a makonni 2 na farko bayan saki, haɗarin mutuwa ta shan da ya wuce ƙima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Ƙwayoyin can sun fi namu kisa, don haka lissafin ba zai zo ɗaya ba, amma dalilin ɗaya ne.

Ƙanwar kaso ita ce tsarewar dole da sunan gyaran hali, ta gwamnati ce ko ta mai mari da sarƙa. Iyaye da kyakkyawar niyya suke kai ƴaƴansu, kuma ba mai musun cewa addu'a da nasiha da zama cikin mutanen kirki suna dafa wa mai son dainawa. Ƙarfe a ƙafa ne ba ya magani. A Satumba 2019 ƴan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa da tabon duka. Wata bai cika zagayowa ba aka sake buɗe wani a Daura. A Maleshiya an bi sawun rukuni biyu na masu shan hiroyin da danginta. Waɗanda aka tsare dole, rabinsu sun koma ruwa cikin kwana 31 da saki. Waɗanda suka je da ƙafarsu aka ba su magani, sai da aka yi kwana 352 kafin rabinsu su koma. Tun 2012 hukumomi 12 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi kira da a rufe irin waɗannan wurare. Saboda haka ƙungiyar da ta roƙi gwamnati ta gina katafariyar cibiya mai katanga da masu gadi, ta sani kaso na biyu take roƙo, kuma da kuɗin da zai isa asibitocin karkara masu yawa.

Tara

Gana ce ta gwada wannan a yankinmu. Tsohuwar dokarta ta 1990 tana ba mai sha aƙalla shekara 5. Sabuwar doka mai lamba 1019 ta 2020 ta mayar da riƙe ƙwaya don shan kai laifin tara: sidi 2,400 zuwa 6,000, wajen jika 240 zuwa 600 na sefa a canjin lokacin. Wanda ya kasa biya, kaso har wata 15. Ci gaba ne ga Gana. Amma a ɗora shi kan Nijar, inda mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a wata tun Janairu 2024, ga-ruwa kuwa ko wannan ba shi da tabbacinsa. Ɗan masu hali ya biya ya kwana gida, talaka ya tafi inda da ma za a kai shi. Tara ba ta taɓa ciwon ko kaɗan, sannan tana buɗe ƙofar ciniki a bakin hanya: idan mai kamu da wanda aka kama duk sun san kotu za ta ci jika 240, jika 20 a hannu ta zama rahusa ga kowa. Ba ita ce abin nema ba.

Kwamiti irin na Fotugal

Wannan ita ce hanyar da aka fi ambato, kuma ita aka fi yi wa mummunar fahimta. A ƙarshen shekarun 1990 Fotugal, ƙasa mai mutum wajen miliyan 10, tana da masu shan hiroyin kusan 100,000, ga cutar sida tana bin allura. Dokarta mai lamba 30/2000, da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2001, ba ta halatta komai ba. Ɗan sanda yana ƙwace ƙwaya har gobe, mai sayarwa yana zuwa kotu har gobe. Abin da ya sake shi ne makomar wanda aka samu da abin da bai wuce shan kwana 10 ba: giram 25 na ganyen wiwi, 5 na daskararriyarta, 2 na hodar ibilis, 1 na hiroyin. Ana ba shi takarda ya bayyana cikin awa 72 gaban kwamitin mutum uku, ɗaya masanin doka, biyu daga ɓangaren lafiya ko jin daɗin jama'a. Su tambaye shi me yake sha, tun yaushe, da me yake ci, wa ke gida. Idan abin bai kama shi ba kuma karon farko ne, a jingine takardarsa. Idan ya kama shi, a nuna masa hanyar magani, ba a cin sa tarar kuɗi. Mai taurin kai ana iya hana shi zuwa wasu wurare, ko a sa shi ya riƙa zuwa yana nuna kansa, ko a ba shi aikin gayya. Ba abin da ke shiga kaziye.

Sakamakon a bayyane yake. Sababbin masu kamuwa da ƙwayar cutar sida cikin masu allura sun sauko daga 1,016 a 2001 zuwa 18 a 2017. Waɗanda ke kaso kan laifin ƙwaya sun sauko daga sama da kashi 40 cikin 100 na fursunoni zuwa wajen 16 a 2019. Ambaliyar masu sha da aka yi ta tsoro ba ta zo ba.

Sai dai masu kawo misalin sukan tsallake rabin labarin. Fotugal ta zuba kuɗi a magani a daidai lokacin da ta sake dokar, ta yadda wanda kwamiti ya tura yana samun ƙofa a buɗe. Da matsin tattalin arziki ya sa aka rushe hukumar da ke riƙe da aikin a 2012, aka rage kuɗi, sai jiran magani ya tsawaita, koke-koke suka dawo a manyan birane. Jihar Oregon ta Amurka kuwa ta ɗauki rabin farko ta bar na biyu. Masu zaɓe suka amince a Nuwamba 2020, aka mayar da hukunci tarar dala 100 ta Amurka da ake yafewa idan mutum ya buga wata lambar waya. Kusan ba mai bugawa, kuɗin magani ya makara, ga fentanil, ƙwayar da ta fi hiroyin ƙarfi nesa ba kusa ba, ta shigo gari a daidai lokacin. Ranar 1 ga Satumba 2024 aka dawo da hukuncin kaso. Wanda ya cire kaso bai tanadi likita ba, jama'a da kansu za su roƙi a dawo da kason, kuma bayan nan zai yi wuya a sake sauraron maganar gyara.

Ta fuskar dokar duniya babu shinge. Sashe na 3 na yarjejeniyar 1988 ya yarda a musanya wa mai sha hukunci da magani da tarbiyya. Hukumar da Kofi Annan ya kafa a 2013, wadda Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ta ba da shawarar haka ga Afirka ta Yamma a rahotonta na 2014, kuma a Satumba 2018 ta fitar da samfurin doka a Dakar wanda kowace ƙasa za ta iya ɗauka ta gyara. Ta fuskar addini ma, wanda zai yi wannan magana a Tawa ko Madawa ya fara da malamai, ya kuma fito fili cewa ba a taɓa haramcin ba. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku, mai sa maye, mai ɓata hankali da mai sa barci, ya sa wiwi a na biyu, ya ce hukuncinta ta'aziri ne ba haddi ba. Wasu malamai sun saɓa masa, amma a mazhabar da muke bi maganarsa tana da nauyi, kuma ta'aziri abu ne da shugaba ke aunawa gwargwadon maslaha.

Inda aikin yake da wuya shi ne ma'auni. Meziko ta sa nata a 2009: giram 5 na wiwi, rabin giram na hodar ibilis, miligiram 50 na hiroyin. Ya yi ƙanƙanta har mai sha na yau da kullum yana haura shi, sai aka koma tuhumarsa da sayarwa, hukuncinsa ya fi na da. Ga tramol, kada a ƙidaya ƙwaya, a ƙidaya miligiram, don ƙwaya 10 ta 50 ba ta kai 3 ta 225 ba. Idan aka bi lissafin kwana 10 a kan iyakar likita, miligiram 4,000 ke nan, wato ƙwaya 17 ko 18 ta 225. Wani zai ce ai wannan jarin ƙaramin mai talla ne, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa ya fi kyau ma'aunin ya zama manuniya, ba hukunci ba: ƙasa da shi a ɗauka mai sha ne sai in an ga alamar ciniki, kamar tarin canji, kala-kalar kaya da masu zuwa suna tafiya, sama da shi alƙali ya duba, ba wai kai tsaye a ce dillali ne ba. Su wa za su zauna kwamitin? Kada a ƙirƙiri sabon ofis mai mota da direba. Majon CSI (ƙaramin asibitin unguwa ko na karkara), ma'aikacin jin daɗin jama'a da wakilin mai gabatar da ƙara sun isa. Mai unguwa da hakimi a nemi goyon bayansu, amma kada su shiga ɗakin. A gari kamar Buza ko Keita, idan zancen ya fita, aure ne zai mutu tun ba a ɗaura ba, kuma daga ranar ba wanda zai ƙara faɗin gaskiyar abin da yake sha.

Wane irin magani?

A nan ma zaɓi biyu ne. Senegal ta buɗe cibiyar kula da masu shaye-shaye ta CEPIAD a asibitin Fann na Dakar cikin Disamba 2014, bayan ƙidayar 2011 ta kimanta masu shan hiroyin da hodar ibilis da ke cikin haɗarin allura a Dakar da mutum 1,324. Ana ba su metadon, maganin da ke maye gurbin hiroyin, kullum su haɗiye gaban ma'aikaci, yawanci miligiram 60 zuwa 120 idan an daidaita, tare da gwajin sida, ciwon hanta da tarin fuka. Aiki ne mai kyau, ga ciwon da aka yi shi dominsa. Namu ciwon ƙwaya ce ta haɗiya, a warwatse cikin ƙauyuka da tashoshi da wuraren haƙar zinariya. Daga Tawa zuwa Yamai sama da kilomita 500 ne. Ba mai yin wannan tafiya don kurɓar magani kowace safiya. Kuma metadon ya fi ƙarfin yawancin masu tramol: yana daɗewa a jiki yana taruwa, mace-macensa sun fi yawa a makonni 2 na farko idan aka yi gaggawar ƙara shi. Ƙaramin sashe irin wannan a Yamai yana da amfani ga masu hiroyin da waɗanda komai ya gagara. Amma ba shi ne buƙatar farko ba. A yau mai shan da ya rikice, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai ake nufa da shi, wanda kowa ya sani da Pavillon E, kuma sunan kaɗai ya isa ya hana saurayi mai hankalinsa zuwa.

Ɗayan zaɓin shi ne a sa aikin a CSI da asibitocin gunduma, a hannun majo da ma'aikatan da ke wurin. Kayan aikin suna nan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da su kyauta. Akwai tambayoyi 8 da ake kira ASSIST, minti 10 sun isa. Maki 0 zuwa 3, a yi masa bayani ya tafi. Daga 4 zuwa 26, zama na minti 15 ba tare da zagi ko wa'azi ba, a sa masa ranar dawowa. Daga 27 zuwa sama, abin ya kama shi, sai ragewa a hankali.

Ragewar tana da ƙa'ida. A ce ya zo da kwalin abin da yake sha, a lissafa miligiram na yini, don da baki kowa ragewa yake. A mayar da shi kan na farmasi mai 50, wanda aka san abin da ke ciki, kuma ba a rubuta masa sama da 400 komai yawan abin da ya saba. Wanda ke shan abin da ya ninka haka, ko ya taɓa faɗuwa, ko mace mai ciki, ko mai haɗawa da maganin barci na diyazefam ko giya, ba na CSI ba ne, a tura shi asibitin gunduma ko CHR, babban asibitin jiha, a kwantar. Ga sauran, ana rage wajen kashi 10 cikin 100 a mako. Misali daga 400, a cire 50 kowane mako har a kai 200, daga nan a cire 50 duk mako biyu. Wajen wata 3 ke nan, kuma matakan ƙarshe su suka fi wuya. Kada a ba shi na wata guda a hannu. Na kwana 3 zuwa 7, a hannun uwa, mata ko wa. Ciwon jiki a ba shi farasitamol ko ibuprofen, zawo a ba shi loperamid da ruwan gishiri da sukari.

Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Na farko, a rubuta diyazefam don barci a bar shi a kai makonni, a cire shi daga rami ɗaya a jefa wani, alhali yanke diyazefam farat ɗaya ya fi yanke tramol haɗari, yana iya kawo jijjigar da ke kisa. Na biyu, a ga yana cikin damuwa a haɗa masa amitiriptilin ko fuluwoksetin yana kan tramol; haɗin yana jawo farfaɗiya da zazzaɓi da karkarwa. Na uku, a manta dalilin da ya sa ya fara. Ciwon baya ne, ƙaba ce, haƙori ne, ko kuwa abin da maza ba sa faɗa sai an tambaya a keɓe, wato neman jinkiri a shimfiɗa? In ba a taɓa wannan ba, zai koma. Sai lokaci: kada a fara wa lebura ragewa a tsakiyar cirar albasa ko noman farko, a jira aiki ya yi sauƙi. Masu cewa za su yanke rana ɗaya da shigowar azumi, a ba su shawara su fara saukowa tun Rajab. Iyali kuma a koya musu abu ɗaya: wanda ya faɗi yana jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa nono ko ruwa, a nemi mota. Allurar naloksan, mai karya ƙarfin ƙwayoyi dangin mofin, tana dawo da numfashi, amma ba ta tsayar da jijjiga.

Bincike ma yana cikin abin nema, don hukuma ba ta motsi sai da lamba. Najeriya ta yi ƙidayar ƙasa a 2017, ta samu mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu a shekarar, miliyan 4.6 daga ciki ƙwayoyi dangin tramol. Tun daga nan muhawararsu ta sake kama. Likitocin ƙwaƙwalwa na Yamai sun buga bincike kan tramol tsakanin matasan kan titi tun 2012, kuma jami'ar Abdu Mumuni da ta Jibo Hamani ta Tawa suna da ɗaliban da za su iya ɗorawa. Mafi arha shi ne a riƙa ɗibar samfuri daga abin da aka kama a Ƙonni da Yamai a kai LANSPEX, ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasa, a ga me ke ciki kafin a ƙone. A kuma lura cewa tsinken gwajin fitsari na dangin mofin ba ya ganin tramadol, sai an sayi nasa na musamman. Gwaji kuma yana son natsuwa. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar sun samu tramadol a saiwar tafashiya a Kamaru, aka yi ta murna an gano na Allah. Shekara guda bayan nan wasu suka nuna cewa a arewa mai nisa kaɗai ake samunsa, inda manoma ke sha suna kuma ba shanun huɗa, fitsari ya shiga ƙasa, itacen ya zuƙa.

Idan ƙungiya za ta shiga ofis da buƙata, jerin yana da muhimmanci fiye da yawan buƙatun. A fara da ma'aikatar lafiya: horo da magani a gunduma biyu ko uku, a ce Ƙonni, Madawa da da'ira ɗaya ta Yamai, a riƙa rubuta mutum nawa suka zo, nawa suka kai wata 3, nawa suka koma aiki. Wannan ba ya buƙatar taɓa doka. Bayan ƙofar ta buɗe, a je ma'aikatar shari'a. A tsarin da muka gada, mai gabatar da ƙara yana da ikon jingine ƙara idan ya ga bin ta ba shi da amfani, don haka takardar umarni guda daga minista ta isa a fara tura masu ƙaramin adadi CSI a waɗannan gundumomi. Gyaran dokar 1999 shi ne na uku, lokacin da akwai lambobin gida da za a ajiye kan tebur maimakon na Fotugal.

Duk takardar da za a rubuta kuma, a sa mata layi kan masu ciwo na gaske. Dalilin da ya sa kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi ba da shawarar ɗaure tramadol a dokar duniya a 2018 shi ne, a ƙasashe irin tamu mofin yana wuyar samu, tramadol ne abin da ya rage wa mai sikila idan ciwo ya tashi, da mai sankara, da wanda aka yi wa aiki. A matsa wa mai 225 da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya, amma a tabbata mai 50 yana nan a farmasin asibiti, kuma ɗan sanda ya san cewa wanda ke riƙe da shi da takardar likita ba abin kamu ba ne.